Yadda ake duba katakon jitar lantarki kafin a zaɓa mata fikof

A cikin hunturun da ya wuce wani saurayi da ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan wata coci a Yelwa ta Bauchi ya shigo wurina rungume da jitarsa a cikin zani. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baba, katakon nan ne ba shi da kyau. An ce mini sai na sami mai jikin mahogani kafin murya ta fito." Har ya fara tara kuɗi. Na karɓi jitar na duba. Tsirkiyoyin sun yi baƙi da tsatsa, ya ce tun Kirsimetin waccan shekarar bai canza su ba. Fikof ɗin, wato abin da ke ɗaukar amo a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ya nutse ƙasa, tsakaninsa da tsirkiya ya kai milimita 6. Wayar da yake jona ta da amfilifaya kuwa ta zarce mita goma. Muka sa sababbin tsirkiyoyi, na ɗago fikof, na ba shi gajeriyar waya. Da ya kaɗa sai ya dube ni ya ce, "Baba, ita ce kuwa?" Ita ce, kuma katakon bai canza ba.

Ba ina nufin katako ba shi da aiki ba ne. Yana da shi, kuma zan daɗe a kansa. Amma a jitar lantarki aikinsa ba irin na ƙwaryar garaya ko ƙoƙon gurmi ba ne, inda jikin kayan kiɗan ne ke fitar da amo. A nan fikof ne kunne, kuma ƙarfe kaɗai yake ji. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe in ta yi rawa a samansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Ka ɗaura tsirkiyar roba ka jona, ba za ka ji komai ba. A Stratocaster ma, sananniyar jitar kamfanin Fender, fikof ɗin a kan faifan roba aka ɗaure shi, bai taɓa katakon ba. A 2022 wani makaɗi a Nashbil ta Amurka mai suna Jim Lill ya ɗaura tsirkiyoyi tsakanin teburan aiki biyu, babu jiki babu wuya, ya sa fikof a daidai inda ya kamata, kuma abin da ya fito ya yi kusa ƙwarai da muryar jitar da ya kwatanta da ita.

To ina katako ya shigo? Tsirkiya tana zaune a kan jaki, kamar yadda masu goge ke kiran abin da ke tokare ta, kuma ɗaya bakinta yana kan wuya. Duk rawar da ta yi, katako yana shan wani kaso na ƙarfinta. Abin da ya sha, fikof ba zai ji shi ba. Wato katako ragewa yake yi, ba ƙarawa ba. Wani yana saurin shanye kaifin amo, wani yana barin amon ya daɗe. Bambancin yana nan, mai kaɗawa yana jin sa a ciki da hannu, amma ƙarami ne in an gwada shi da na fikof da amfilifaya da lasifika. Don haka ga yadda nake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Fara da kunne, ba tare da wuta ba

Kada ka jona jitar tukuna. Ka sami wuri shiru, ka saita ta, ka kaɗa tsirkiya ta huɗu a sake, ka ƙirga daƙiƙoƙin da amon zai yi kafin ya mutu. Ka ɗora tafin hannu a bayan jikin ka ji ko yana rawa. Sannan ka bi wuyan gaba ɗaya, gida bayan gida, wato wuraren dannawa da ke tsakanin ƙarafunan wuya, a kowace tsirkiya. Abin da kake nema shi ne gidan da amo ke mutuwa da wuri alhali maƙwabtansa suna ja. Irin wannan mataccen gida yawanci daga wuya yake, domin wuya siriri ne, ya fi jiki lanƙwasa da shan ƙarfin tsirkiya. Babu fikof ɗin da zai raya shi, komai tsadarsa. In matattun gidajen sun yi yawa, ka ajiye jitar ka ɗauki wata.

Ka kuma duba inda wuya ya haɗu da jiki. In mai sukuru huɗu ne a baya, ka gwada tura katin waya a tsakanin. In ya shige, akwai rata, kuma ratar nan ta fi sunan bishiyar da aka yanko ɓata amo. Sau da yawa ɗaure sukurun nan kawai yana gyara rabin matsalar.

Gane wane katako ne a hannunka

Fenti yana ɓoye komai, kuma mai sayarwa zai faɗi abin da aka faɗa masa ne. Ka kwance murfin roba na baya, ko faifan gaba, ka haska tocila cikin ramin. In ka ga layi-layi kamar shafukan littafi, filawud ne. In ka ga gari-gari mai launin ƙasa ba tare da jijiyar itace ba, garin katako ne aka matse da gam, wannan kam ka guje shi, don sukuru ba ya riƙe shi, damina ɗaya kuma ta isa ta kumbura shi. Filawud ba abin kunya ba ne ga mai koyo, amma ban ba da shawarar a zuba masa fikof ɗin da ya fi shi tsada ba.

In katako ne na gaske, ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su. Alda fari ne mai ɗan ja, ba shi da nauyi sosai. Kamfanin Fender ya fara da ash a Telecaster da kuma Stratocaster ɗin da ya fitar a 1954, ya koma alda a yawancin jitocinsa a 1956, kuma abin da ya kai shi can shi ne sauƙin samu da sauƙin fenti. Ash yana da manyan jijiyoyi da ake gani, wani sakayau wani kuma nauyi kamar dutse. Baswud fari ne fat kuma mai laushi, farce ma yana yi masa tabo, shi ne a jitocin kamfanin Ibanez da dama da masu sauƙin kuɗi. Mahogani ja ne mai ƙananan ramuka, shi Gibson ya yi jikin Les Paul da shi a 1952, ya shimfiɗa masa mafil a sama.

Masu jita sun saba cewa ash da mafil kaifi gare su, mahogani kauri da ɗumi, alda da baswud tsaka-tsaki. Ina amfani da wannan magana a matsayin mafari kawai. Dalili kuwa, mutanen da suka kafa ta jita biyu suke kwatantawa waɗanda komai nasu ya bambanta. Les Paul tana da hambaka, wato fikof mai naɗin waya biyu, wuyanta liƙe yake da gam, tsawon tsirkiyarta inci 24.75. Stratocaster tana da fikof mai naɗi ɗaya, wuya mai sukuru, tsirkiya inci 25.5, wadda ta fi tauri da kaifi. Sai aka tattara duk wannan bambanci aka jibga wa katako. Bayan haka, falle biyu daga bishiya ɗaya ma ba sa yin nauyi ɗaya. Wanda ke hannunka shi za ka yi wa hukunci.

Auna nauyi, ka duba bushewa

Wannan matakin ya fi muhimmanci a Bauchi fiye da duk wata muhawara kan amo. Ka rataya jitar a kafaɗa ka tsaya minti goma. In akwai sikeli kusa, ka ɗora. Irin Stratocaster takan kai kilo 3 da rabi, Les Paul takan wuce kilo 4. Wanda zai tsaya sa'a uku a taron biki ko a sujadar Lahadi cikin zafin Afrilu zai san bambancin rabin kilo a kafaɗarsa. Ka saki hannu kuma ka gani ko kan jitar yana rinjaya ƙasa. Jiki mai sauƙi da yawa, irin Gibson SG, yakan yi haka.

Sai yanayi. Jitocin da ke zuwa mana yawanci ta Legas suke biyowa, su sha raɓar bakin teku, sannan su iso nan su gamu da iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Katako yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa. Ka shafa hannu a gefen wuya, in bakin ƙarafunan gidaje yana yankar ka, katakon ya ja baya ke nan. Ana goge su da ƙaramin magagari. Ka duba tsaga a kusa da aljihun wuya da wurin da aka haɗa fallayen jiki. Tsagar fenti ba komai, tsagar da ta shiga itace kuwa matsala ce. Wuya ma zai motsa sau biyu a shekara, cikin hunturu da cikin Agusta. Sandar ƙarfen da ke cikinsa ita ake murɗawa, rubu'in zagaye kawai a rana, a bar shi ya kwana kafin a ƙara. Kuma kada a bar jita a but ɗin mota ko a jingine ta da bangon ɗakin kwano da rana.

Gyara abin da ba ya cin kuɗi

Kafin ka yanke wa fikof hukunci, ka sa sababbin tsirkiyoyi na jitar lantarki, masu nikel ko ƙarfe zalla. Na sha ganin an ɗaura na jitar da ba ta lantarki ba, masu ruwan tagulla, don su ne a shago, sai manyan tsirkiyoyin su yi rauni, domin maganaɗisu ba ya jan tagulla.

Sannan tsayin fikof. Ka danne tsirkiya a gida na ƙarshe, ka sa rula ka auna daga kan maganaɗisu zuwa cikin tsirkiya. Ga mai naɗi ɗaya ka fara da milimita 2.4 a ɓangaren manyan tsirkiyoyi, milimita 2 a ɓangaren sirara. Hambaka yana jure matsowa kusa, har wajen milimita 1.6. Daga nan ka murɗa sukurun gefe rabin zagaye, ka kaɗa, ka saurara. In ya matso, ƙarfi da kaifi za su ƙaru. In ya matso da yawa, maganaɗisun zai riƙe tsirkiya, amo ya gajarce, ka riƙa jin wata rawa a muryar babbar tsirkiya kamar ba a saite take ba. In ya yi nisa, murya ta yi sanyi amma ta buɗe. Minti goma sha biyar da sukurudireba a nan yana canza jita fiye da yadda sauya jikinta gaba ɗaya zai yi. Waya kuma kada ta wuce mita 5 ko 6, doguwa tana cinye kaifi.

Yanzu sai fikof

Tambaya ta farko ba ta katako ba ce. Wane kiɗa kake yi, kuma a wace wuta kake jonawa?

Mai naɗi ɗaya siriri ne, muryarsa garau, kowace tsirkiya tana fita daban. Wanda ke son salon makaɗan Agadas, irin su Mdou Moctar da Stratocaster ɗinsa, ko tsinkar hailaif da makosa da ake yi a cocin Tafawa Balewa da Bogoro, wannan ne nasa. Aibinsa ƙugi. Naɗin waya ɗaya yana kama wutar gida kamar eriya, wutarmu kuwa tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne wannan zuuu da kake ji da ka tsaya da kiɗa. Kusa da janareta ko tiransifoma ko fanka abin ya fi muni, gidajenmu da yawa kuma ba a kafa musu wayar ƙasa ba.

Hambaka naɗi biyu ne da aka juya wa juna baya, ƙugin ɗaya yana kashe na ɗaya, amon tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Seth Lover ne ya ƙera wa Gibson shi, ya hau Les Paul a 1957. Ya fi ƙarfi, ya fi shiru, ya fi dacewa da murya mai kaushi da jan dogon amo, amma kaifin sama yana raguwa. Tsakaninsu akwai P-90, naɗi ɗaya ne mai faɗi, yana da kauri amma yana ƙugi. Akwai kuma masu batir irin na kamfanin EMG da ke cin batir mai bolt 9, shiru ƙwarai, sai dai ranar da batir ya mutu a tsakiyar taro ka shiga uku in babu wani a aljihu.

Ra'ayina ga mai jita ɗaya tak a garin nan shi ne hambaka a kusa da jaki, masu naɗi ɗaya biyu a tsakiya da kusa da wuya. Inda wuta ke da tsabta ka more kaifin, inda janareta ke gurnani ka koma hambaka. A makunnin zaɓen fikof mai matsayi biyar, na biyu da na huɗu suna haɗa fikof biyu, kuma in an naɗe na tsakiya a juye, kamar yadda ake yi a yawancin na zamani, matsayin da ya haɗa masu naɗi ɗayan nan biyu yana kashe ƙugi shi ma.

A nan ne abin da kunnenka ya ji a matakin farko zai yi aiki. Ka'idar ita ce cike giɓi. In jitar a sake tana da kaifi da ƙarancin kauri, kamar yadda ash mai nauyi da wuyan mafil kan yi, ka nemi fikof mai maganaɗisun Alnico II, wanda ke da taushi, ko hambaka mai matsakaicin ƙarfi. In a sake ta yi duhu, manyan tsirkiyoyi suna cakuɗewa, ka nemi Alnico V ko mai naɗi ɗaya, kuma ka guji fikof mai naɗi da yawa, domin yawan naɗi yana ƙara ƙarfi amma yana danne kaifi. Maganaɗisun siramik shi ne a yawancin jitoci masu araha, za ka gan shi baƙin falle a manne a ƙarƙashin fikof. Ba laifi ba ne, akwai masu tsada ma da ake yi da shi don kiɗa mai kaushi.

Don ka san abin da ke jitarka yanzu, ka ari mitar gwajin wuta wurin mai gyaran rediyo. Ka jona waya a jita, ka buɗe folum har ƙarshe, ka sa mita a kan 20k a ɓangaren auna om (k na nufin om dubu), ka taɓa tsinin jak, wato bakin wayar da ke sake, da jikinsa. Mai naɗi ɗaya irin na da yakan nuna wajen 6k, hambaka irin na farko 7.5k zuwa 8.5k, masu zafi 13k zuwa 16k. Lambar ba ta faɗin daɗin murya, kwatance ne kawai tsakanin fikof masu ƙira ɗaya. In mita ta ƙi nuna komai a wani matsayi, waya ta tsinke a ciki. Wannan gwajin ya zama dole in na gwanjo za ka saya.

Gwaji ɗaya kuma: ka ƙara murya, ka riƙe tsirkiyoyi, ka ƙwanƙwasa murfin fikof da farce. In ya amsa da ƙarfi kamar makirufo, ko ya yi fito, naɗin ya saki. Ana tsoma shi cikin narkakken kyandir da aka haɗa da ɗan kakin zuma, a cikin gwangwanin da aka ɗora a ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, zafi wajen digiri 65, har kumfa ta daina fita.

Abin da ake mantawa shi ne folum ɗin kansa. Mai naɗi ɗaya da 250k ake haɗa shi, hambaka da 500k, lambar tana rubuce a bayansa. Jita mai duhu da aka sa wa 250k, ka mayar da ita 500k, za ta buɗe. Mai kaifi da yawa, ka yi akasin haka. Wannan gyaran bai kai kuɗin tsirkiya biyu ba.

Wajen ɗorawa, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka narke dalma ko ɗaya, kuma ka auna ramin, domin hambaka ba ya shiga ramin mai naɗi ɗaya sai an ƙwaƙule. Kalar wayoyi ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ka bi takardar da ta zo da shi. Tunda ka buɗe, ka liƙa faifan tagulla ko na alminiyam a cikin ramukan ka haɗa shi da wayar ƙasa ta jitar, yana rage tsitsin da ƙwan fitila da cajar waya ke jawowa. In ka taɓa tsirkiya da makirufo tare ka ji wuta ta tsunkule ka, ka kashe komai nan take ka kira mai gyaran wuta. Wannan ba matsalar amo ba ce, mutane sun mutu ta haka.

In kana so a sassaƙa maka jiki a nan gida

Wannan ne ɓangaren da ya fi faranta mini rai, domin itacen da Turawa ke yabo a jita, wasunsu a kasuwar katakonmu suke kwance. Korina da Gibson ya yi jitocinsa Flying V da Explorer da shi a 1958 itacen Afirka ta Yamma ne, shi ne wanda 'yan katako ke kira afara. Mahoganin Afirka da kamfanoni ke amfani da shi yanzu ɗan'uwan maɗacinmu ne, jinsi ɗaya suke, sai dai na kurmin kudu ya fi sauƙi, maɗacin nan na arewa kuwa ya fi tauri da nauyi. In da shi za a yi, a rage kauri ko a ƙwaƙule ramuka a ciki a rufe da falle. Obece sakayau ne ƙwarai, yana son dogayen sukuru don laushinsa. Malaina ma tana yi, tana da sauƙin aiki kuma ba ta cika murɗewa ba. Loko yana da nauyi, ƙurarsa kuma tana damun ƙirji, a rufe hanci.

Ka je da kafinta, ku zaɓi falle mai kauri inci 2, miƙaƙƙen jijiya, marar gaɓa kuma marar ramin ƙwaro. Bayan an fere zai sauko zuwa milimita 44 ko 45, kaurin jikin Fender ke nan. Falle biyu a haɗa a tsakiya ya fi falle ɗaya mai faɗi zama lafiya. Ka ɗaga shi da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa, busasshe yana amsawa tas, ɗanye yana amsawa dum.

Kada ka yarda da bushewar kasuwa. Ka shafe bakin katakon biyu da fenti ko kyandir don kada hunturu ya tsaga shi, ka ajiye shi a inuwa a cikin ɗaki, a kan ƙananan sanduna yadda iska za ta ratsa ta ko'ina. Ka ɗora shi a sikeli duk wata, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir. Sai ya ratsa hunturu ɗaya cikakke, kuma nauyin ya tsaya wuri ɗaya wata biyu a jere, sannan a sa masa zarto. Ka riga ka sayi wuya da jaki da fikof kafin ranar, domin a kansu za a auna ramukan, kuma nisan jaki daga gida na 12 dole ya yi daidai da nisan gida na 12 daga ƙashin saman wuya.